Kafin ka ɗora wa kyamara laifin dishi-dishi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da ƙannenmu da suka rungumi sana'ar ɗaukar hoto. Sau da yawa yaro zai kawo mini kyamara wai ta lalace, hotuna duk dishi-dishi. In na duba sai in tarar lafiyarta ƙalau, hannunsa ne ya motsa.

Kyamara buɗe ido take yi ta ƙifta, kuma duk rawar da hannu ya yi kafin ta rufe sai ta fito a hoton. Tun zamanin fim akwai ƙa'idar da muke bi: in gilashin kyamararka (lens) mai milimita 50 ne, kada idon ya wuce 1/50 na daƙiƙa a buɗe, in mai 200 ne, to 1/200. Dogon gilashi yana jawo abu kusa, yana kuma ninka rawar hannu. Haka abin yake ga mai jawo hoto a waya.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron ISO, wato ma'aunin da in an ɗaga shi kyamara ke ƙara gani a ƙarancin haske, amma hoto yakan yi tsaki-tsaki. Rana ta faɗi, haske ya ragu, amma mutum ya kafe a 100 don gudun tsaki-tsaki, sai kyamara ta rage saurinta zuwa 1/15. Ɗaga ISO ɗin zuwa 1600 mana! Hoto mai ɗan tsaki ana gane fuska, ana ma iya gyara shi a kwamfuta. Wanda ya girgiza kuwa sai dai a goge.

Sai riƙo. Tafin hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, kyamara jingine da goshi, ƙafafu a ɗan ware. Ka saki numfashi, sannan ka matsa maɓallin a hankali, kada ka soke shi da yatsa. In akwai bango kusa, jingina. Ka ɗauki uku a jere, galibi na tsakiyar ya fi fitowa tas.

Na san akwai gilasai masu rage girgiza, Canon na kiran nata IS, Nikon kuma VR, kuma suna taimakawa ƙwarai. Sai dai rawar hannunka kaɗai suke gyarawa. Yaron da ke gudu a gabanka sai ka kai 1/500 kafin ya tsaya cak a hoto.

Na gode.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto