Ciwon Sukari da Maganin Itatuwa: A Bar Awon Jini Ya Raba Gardama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan yadda masu ciwon sukari ke amfani da saiwoyi da ganyaye da sassaƙe, al'amarin da ake yawan jayayya a kansa, wasu na cewa ɓata lokaci ne, wasu kuma na rantsuwa cewa a nan waraka take. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, wato IDF, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ciwo ne na zaman dindindin, don haka ba na ganin laifin wanda ya gaji da haɗiyar ƙwaya safe da yamma ya waiwayi itatuwa.

Duk mai raina tsirrai bai san tarihin maganin asibiti ba. Metformin, wanda shi ne akasari likitoci ke fara rubuta wa mai nau'i na biyu na ciwon, tushensa wani tsiro ne mai suna Galega officinalis, da mutanen Turai suka daɗe suna bai wa mai fama da yawan fitsari da ƙishirwa. Sai dai tsiron kansa yana da dafi, har tumaki yakan kashe idan suka ci da yawa. An harhaɗa metformin a 1922, amma sai a 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya nuna amfaninsa a jikin marasa lafiya, Amurka kuwa ba ta amince da shi ba sai a 1994. Ɗan'uwansa phenformin ma yana sauke sukari, amma an janye shi daga ƙasashe da dama a ƙarshen shekarun 1970 saboda yana tara wani sinadari mai tsami a cikin jini har ya yi kisa. Haka nan daga ɓawon itacen tufa aka ciro sinadarin phlorizin a 1835, wanda ya zama mafarin magungunan zamani masu fitar da sukari ta fitsari. A duk waɗannan, tsiron ne ya nuna hanya, amma sai da aka shafe shekaru ana gwaji ana aunawa kafin a gane nawa ne magani, nawa ne guba.

Idan aka ɗora tsirran da ake yayatawa yau a kan wannan ma'auni, sai a ga ba matsayinsu ɗaya ba. Hulba tana da wani yauƙi da ke jinkirta shigar sukari cikin jini daga hanji, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna tana ɗan sauke shi. Kirfa da wani ɗan'uwan garahuni da ake nomawa a Asiya sun yi suna ƙwarai, amma da masanan cibiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken kiwon lafiya, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansu a 2012, sai suka ce hujjar da ke hannu ba ta isa a ce suna maganin ciwon ba. Kirfar da ta fi yawa a kasuwannin duniya kuma tana da sinadarin coumarin, wanda yawansa kan taɓa hanta. Zogale da shuwaka da darbejiya kuwa, mafi yawan binciken da aka yi a kansu a jikin ɓeraye aka yi shi. A ganina wannan dalili ne na ƙara bincike, domin alamar alheri ta bayyana, amma bai kai a ce wa mara lafiya ya ajiye maganinsa ba.

Ajiye maganin nan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Mai nau'i na ɗaya, wanda galibi yaro ne ko matashi, jikinsa ya daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, kuma babu ganye ko saiwar da za ta maye gurbinsa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su gano insulin a birnin Toronto a 1921, irin waɗannan yara ba sa daɗewa a duniya, alhali itatuwan nan duka suna nan a lokacin. Yaron da aka tsayar wa allura yana iya faɗawa doguwar suma cikin 'yan kwanaki. Mai nau'i na biyu kuwa ciwon a ɓoye yake cin sa: yana iya jin ƙarfi a jikinsa, fitsarin dare ya ragu, ya ɗauka ya warke, alhali sukarin na can yana lalata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, sai ranar da ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa.

Akwai kuma wanda bai ajiye ƙwayarsa ba, amma ya haɗa ta da jiƙo bai gaya wa kowa ba. Idan yana shan ƙwayoyin sauke sukari irin su glibenclamide ko yana allurar insulin, sukarin na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, sai gumi mai sanyi ya keto masa, hannu ya kama rawa, zuciya ta riƙa bugawa, maganarsa ta rikice, na kusa da shi su ɗauka wani abu ne daban ya same shi. Ƙarfin ganye ma yakan bambanta bisa ƙasar da ya tsiro da lokacin da aka tsinke shi da tsawon dafuwarsa, shi ya sa kofin yau da na gobe ba lallai su zama ɗaya ba. Mafi muni shi ne algus: hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha kama garin magani da kafso da aka rubuta wa "zallan itatuwa", alhali an niƙa ƙwayoyin asibiti a ciki ba bisa ƙa'ida ba. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta aika wa kamfanoni 15 takardar gargaɗi kan sayar da kayan da suke iƙirarin suna maganin ciwon sukari ba tare da izini ba.

Abin farin ciki shi ne wannan ciwo yana aunuwa, kuma gani ya kori ji. Da ɗigon jini guda daga kan yatsa, na'ura za ta nuna lamba cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Akwai kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, wanda ba ya ruɗuwa da sauƙin kwana ɗaya. Wanda ya ƙudura sai ya gwada wani tsiro, to ya fara da sanar da likitansa, ya ci gaba da maganinsa, ya ɗauki tsiro ɗaya tak wanda ya san sunansa, ya riƙa rubuta awonsa na safe kafin ya ci komai, a kuma duba masa ƙoda da hanta. Mai juna biyu da wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, su kam su nisanci wannan gwaji gaba ɗaya. Likitoci ma suna da nasu alhakin, domin wanda aka yi wa tsawa don ya ambaci jiƙo ba zai daina sha ba, ɓoyewa kawai zai koma yi. Masu maganin gargajiya na gaskiya kuwa, ya kamata su fara tambayar duk wanda ya zo musu takardar awonsa, su kuma mayar da yaro mai allura da mai gyambon ƙafa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne jaridarku ta daina karɓar duk tallar da ta ce tana "warkar da ciwon sukari har abada", ta kuma nemi lambar rajistar hukuma kafin ta buga tallar kowane haɗin itatuwa. Ina kuma ba da shawarar ku ware shafi a ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, ku zaunar da likita da masanin harhaɗa magunguna da mai maganin gargajiya wuri guda, su amsa tambayoyin masu karatu a kan tsirran nan ɗaya bayan ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu