Raunin hannu: ba a ƙofar ɗakin tiyata ake fara ƙirga lokaci ba

Ranka ya daɗe Edita,

Na saurari shirinku na kiwon lafiya, inda aka ce duk wanda ya ji buɗaɗɗen rauni a hannu, in ba a yi masa tiyata cikin awa 6 ba, to ciwon sai ya ruɓe. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina ganin maganar tana buƙatar gyara.

Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Jamus, Paul Friedrich, wanda a shekarar 1898 ya riƙa zuba ƙasa da ƙura a raunukan ɓerayen Masar, ya lura cewa waɗanda aka yanke musu gurɓataccen naman kafin awa 6 su ne suka fi tsira. A lokacin ko labarin fenisilin babu. Hannu kuwa gaɓa ce da jini ke wadata ƙwarai, shi ya sa likitoci da yawa a yau suke ganin rauni mai tsabta, idan an wanke shi sosai, an rufe, an fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da rigakafin sarƙewar haƙora, zai iya jiran ƙwararren likita zuwa wayewar gari. A ganina, hakan ya fi a yi wa jijiyoyi masu siririn zare ɗinkin gaggawa da tsakar dare.

Sai dai ba kowane rauni ne yake jira ba. Wanda taki ko ruwan kwata ya shiga, da yatsan da ya yi fari ya yi sanyi saboda jini ya daina isa gare shi, waɗannan na nan take ne. Wanda ya fi yaudarar mutane kuwa shi ne na naushi. Na taɓa karɓar wani saurayi da haƙorin abokin faɗansa ya huda masa gaɓar yatsa, hudar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Kunya ta sa ya ce ƙusa ce, kuma sai a rana ta uku ya zo, bayan hannun ya kumbura suntum, mugunya ta cika gaɓar, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa.

Ina roƙon ku sanar da masu sauraro cewa jinkirin da likita ya tsara daban yake da zama a gida. A cire zobe kafin kumburi, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, sannan a gaya wa likita ainihin abin da ya jawo raunin da kuma lokacin da ya faru.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum