Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Portland

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mun ji labarin da ka ba ƙannenka na gadar masu tafiya a ƙasa wadda hukumar birninku ta raɗa wa suna Ned Flanders Crossing a 2021, don karrama Ned Flanders, maƙwabcin Homer Simpson a shirin zanen barkwanci na talabijin The Simpsons. Sun sha dariya, ni kuwa na ga akwai abin da ya kamata in ja hankalinka a kai.

Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro The Simpsons da aka fara nunawa a 1989, haifaffen Portland ne, kuma daga allunan titunan birnin ya tsinto sunayen mutanen shirin da dama, irin su Flanders da Kearney, da Quimby magajin gari, da Lovejoy malamin coci. Garin da labarin ke gudana kuwa Springfield ya kira shi, saboda garuruwa masu wannan suna sun yi yawa a Amurka, har kowa na iya ɗauka nasa ake nufi. A ganina wannan dabara ce ta mai hankali, domin ya ɗebo kaya daga gida ba tare da ya kwance wa garinsu zani a kasuwa ba.

Sai dai masu waɗannan sunaye sun riga zanen barkwancin zuwa duniya da fiye da shekara ɗari. Lovejoy na titin shi ne Asa Lovejoy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Portland. Shi ya so a kira wurin Boston, abokinsa Francis Pettygrove kuma ya nace a kan Portland, sai suka jefa kwabo sama a 1845, Pettygrove ya ci. Kwabon yana nan a gidan adana tarihin jihar Oregon, cikin birnin da kake zaune.

Saboda haka ina so ka ware wata Asabar ka taka da ƙafa cikin unguwar arewa maso yamma, inda titunan suke jere bisa tsarin haruffa tun daga Burnside, sannan ka shiga gidan tarihin. Idan kuma 'yan gari suka fara zolayar birninsu da abin da suka gani a talabijin, ka taya su dariya, amma kada zolayar ta faro daga bakinka, domin kai baƙo ne a cikinsu. A wasiƙarka ta gaba ka gaya mini ko wane ne Flanders na ainihi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka