Zuwa ga ɗana, kafin tafiyarku Robin Hood's Bay

Assalamu alaikum ɗana. Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyi? Mahaifiyarka ta ce kai da abokanka za ku je Robin Hood's Bay, ƙauyen nan na bakin teku a arewa maso gabashin Ingila, ku yi yawon ƙafa a wannan hutun. Na ji daɗi, wuri ne mai kyau. Sai dai a ƙauyen nan teku ne yake tsara wa mutum yininsa, don haka da shi zan fara.

Ruwa yana kawowa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da kusan minti 25, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da wajen minti 50. Ke nan lokacin da wani ya bi rairayi shekaranjiya ba zai yi muku amfani yau ba. Ka nemi jadawalin cikar teku na Whitby, garin da ke kusa da ƙauyen ta arewa, na ranar da za ku fita, ka kuma duba ko an ƙara masa awa ɗayan da Ingila ke ƙarawa a agogonta lokacin zafi, domin wasu jadawalan ba sa ƙarawa. Ka lura da wata ma. Kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa ruwan ya fi cika, ya fi janyewa nesa, kuma da sauri yake dawowa.

Gajerar hanya ita ce daga mashigar jiragen kamun kifi a gindin ƙauyen zuwa Boggle Hole, kilomita ɗaya da rabi ta kudu. Ku sauka rairayin lokacin da ruwa yake janyewa, ku bar shi kafin awa biyu da fara dawowarsa. Abin da ke yaudarar baƙi shi ne shimfiɗaɗɗun duwatsun da suka miƙe cikin teku. Mutum yana kansu yana kallon gabansa, ruwa kuwa ya bi kwararon da ke tsakaninsu ya zagayo ta bayansa, sai ya waiwaya ya tarar an raba shi da tudu. Koren gansakukan da ke kansu santsi gare shi ƙwarai, ku taka inda dutse ya bushe. Kada kuma ku zauna cin abinci a gindin gaɓa don neman mafaka daga iska. Yumɓu ne da dutse mai ɓarewa, yana zubowa babu sanarwa, musamman bayan ruwan sama. Idan ruwa ya riga ku, akwai matakala a Boggle Hole da za ta hau da ku hanyar sama.

Wadda na fi so ku bi ita ce zagayen Ravenscar, wajen kilomita 14, awa huɗu zuwa biyar. Ku tafi ta bakin tsauni a kan hanyar ƙafar da ake kira Cleveland Way. Alamarta hoton ƙwallon itace ne mai 'yar hula, za ku gan shi a jikin turaku da ƙofofi. Za ku gangara kwari ku haura sau biyu, a Boggle Hole da Stoupe Beck, matakalun kuma laka ce zalla in an yi ruwa. Kafin hayin ƙarshe za ku wuce kufan masana'antar da ake dafa alif a da, ku tsaya ku duba. Ravenscar tana sama da teku da kusan mita 180, daga can za ku hango dukan gaɓar da jajayen rufin gidajen Robin Hood's Bay a cunkushe a gangare. A ƙasan tsaunin akwai dabbobin teku masu kama da ayu suna shan hantsi. Ku kalle su daga nesa, suna cizo, kuma uwa tana iya gudu ta bar ɗanta in an matsa mata.

Dawowa sai ku bi Cinder Track, tsohon layin dogo ne na Scarborough zuwa Whitby da aka rufe a 1965. Ta ɗan fi tsawo, amma gangare ne mai sauƙi ta cikin gonaki da itatuwa, daidai da ƙafar da ta gaji. Masu keke ma suna binta, ku kauce musu.

Hanya ta uku, ta arewa daga ƙauyen zuwa Whitby, kilomita 10 da ɗoriya ce a kan tsauni, sai ku sauka garin ta matakala 199, ku hau bas X93 ku dawo. Ku duba lokacin motar ƙarshe tun da safe.

A gonaki, duk ƙofar da kuka samu a rufe ku rufe ta bayan kun wuce. Kada ka ce ai ka saba da shanu, kada ka ratsa tsakanin saniya da maraƙinta. Inda ka ga an karkatar da hanya daga bakin tsauni, tsohuwar ce ta zaizaye, ka bi sabuwar. Ciyawa takan rufe bakin da babu komai a ƙarƙashinsa, hoto bai kai a matsa masa ba.

Ka sa takalmi mai kauri da ke riƙe idon sawu, ba na ƙwallo ba. Rigar ruwa, riguna biyu ko uku marasa nauyi maimakon ɗaya mai kauri, ruwa lita ɗaya da rabi, tocila, da taswirar takarda mai lamba OL27, saboda waya takan rasa sabis a cikin kwari. Hazo yana tasowa daga teku ko da rana tsaka. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk a kusa suke, ka fita da alwala da 'yar dardumarka, ku kama hanya da hantsi.

Idan wani ya maƙale, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓar teku, kada kowa ya shiga ruwa da sunan ceto. Ka turo mini hanyar da kuka zaɓa da lokacin janyewar ruwa na ranar, in kun dawo kuma ka kira mahaifiyarka. Allah Ya kai ku lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka