A Ƙirga Haƙora Kafin A Canza Aksil Ɗin Akori-Kura

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana direbobi da makanikai a kan wata asara da muke jawo wa kanmu, wato ɗaura wa tsofaffin akori-kura duk aksil ɗin bayan da aka samu, ba tare da an ƙirga haƙoransa ba.

Motata Fijo 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Na gaje ta daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma da ita nake kai gero da riɗi kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Bara da kaka aksil ɗinta ya fara kuka, sai makanikina ya samo wani na hannu da aka ciro daga motar fasinja, ya ce da ni, "Alhaji, wannan zai rage maka shan mai." A kan kwalta kuwa maganarsa ta tabbata, domin injin ya yi sanyin murya, mota tana tafiya sumul. Amma ranar da na yi lodi na shiga rairayin hanyar ƙauyenmu, sai ta tsaya cak, na yi ta wasa da kuloci har ƙaurinsa ya cika gaban mota, yara suna turawa, buhuna suna ƙasa. Kafin wata biyu na sayi sabon kuloci.

Da muka kwance, sai muka ajiye tsohon da sabon a kan buhu muka ƙirga. A cikin aksil akwai babban faifai mai haƙora, da ƙarami wanda makanikai ke kira finiyon, wanda farfela ke juyawa, wato doguwar sandar da ke kai juyin injin daga giyabos zuwa aksil. Tsohon nawa haƙora 39 ne a babba, 8 a ƙarami, wato sai farfela ta juya kusan sau biyar kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Sabon kuwa 35 ne da 9, bai ma kai sau huɗu ba. Wannan bambanci shi ya kwashe kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin jan motar, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Idan lissafin zagayen farfela ya yi sama, mota tana samun ƙarfin tashi da kaya amma injin yana yawan ihu a doguwar hanya. Idan ya yi ƙasa, ana samun gudu da sauƙin mai, a rasa ƙarfi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mitar gudu. Tun da daga giyabos take karatu, ba ta san an canza komai a baya ba, saboda haka tana nuna mini 80 ina kan 100, da kaya niƙi-niƙi da mutane a bisa, a motar da birkinta na zamanin da ne. Haka ma abin yake ga masu sa manyan tayoyi.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, a sa giya a firi, a yi alama da alli a jikin taya da farfela, sannan a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga zagayen farfela. Abin da aka samu shi ne lissafin aksil ɗin. Kuma kada a yarda a haɗa faifan wani aksil da finiyon na wani, domin tare aka goge su a masana'anta, tare suke aiki.

Ba na cewa canjin laifi ne. Wanda aikinsa Kano zuwa Haɗeja ne a kan kwalta da kaya marasa nauyi zai ji daɗinsa. Roƙona ga shugabannin makanikai da 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano shi ne a riƙa rubuta adadin haƙora da fenti a jikin kowane aksil, kuma makaniki ya tambayi mai mota hanyar da yake bi da nauyin da yake ɗauka kafin ya taɓa sifana. Ni dai na koma wa mai haƙora 39, kuma damina ta wuce ban kwana a hanya ba.

Wassalam.

Wani direban akori-kura,
daga ƙaramar hukumar Gumel, Jihar Jigawa.