Zuwa ga aminina, kan sabar nan mai yawan suma

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni labarin sabar nan tawa, wato manhajar da ke amsa buƙatun mutane ta intanet, wadda kan sume da zarar jama'a sun yi yawa. To, na rushe ta na sake gini.

A da, duk wanda ya shigo sai in ware masa zarensa (thread), wato layin aiki nasa shi kaɗai a cikin injin. Mutum ɗari, lafiya lau. Da suka kai dubbai sai ma'adana, wato memorin kwamfutar, ta cika, injin ya ƙare a tsalle daga wannan zare zuwa wancan, alhali yawancinsu jiran saƙo kawai suke yi. Ita ce matsalar da Dan Kegel ya raɗa wa suna C10K a 1999: yaya kwamfuta ɗaya za ta riƙe mutum 10,000 a lokaci guda?

Yanzu zare ɗaya tak ke zagayawa. Na danƙa wa epoll, mai sa ido na tsarin Linux, dukkan soket ɗin, wato ƙofofin da saƙon kowa ke bi, shi ke taɓo ni idan wani ya shirya. Wanda saƙonsa ya iso in karanta, in amsa, in wuce. Na fara gwada select, tsohuwar hanyar yin wannan aiki, sai na tarar ba ta wuce soket 1024 a yadda aka saba, kuma kowane zagaye sai ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Kai da ke kan FreeBSD maimakon Linux, kqueue za ka nema, takwarar epoll a can. A kan irin wannan tsari Igor Sysoev ya gina sabar yanar gizo mai suna nginx, wadda ta fito a 2004.

Amma fa na sha wuya, kuma saboda ita na zauna rubuto maka. Na kira getaddrinfo, mai nemo adireshin shafi daga sunansa, a tsakiyar zagayen, ita kuwa ba ta motsi sai DNS, kundin adireshin intanet, ya amsa. Ranar da ya yi jinkiri, kowa da kowa ya daskare tare, har waɗanda babu ruwansu. Kwana biyu ina laluben dalili, raina a ɓace. Daga ƙarshe na kwashe duk aikin da ke sa jira na bai wa wasu 'yan zarurruka a gefe, kamar yadda libuv, wata manhaja da aka tanada don irin wannan zagayen, ke yi. Don Allah ka duba taka, musamman wajen karanta fayil.

Abin da ya rage mini shi ne mai jinkirin karɓa: amsoshinsa na taruwa a ma'adana. Yaya ka yi da naka? Ina sauraronka.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka