Barci da waya a kan sitiyari: kira ga direbobinmu na Saudiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, musamman waɗanda tuƙi ne hanyar cin abincinsu, wato direbobin gidaje da masu jigilar 'yan Umara da masu kai saƙo gida-gida.

Idan aka yi zancen tuƙi cikin maye, da yawa daga cikinmu sukan ɗauka ba da su ake ba, tunda giya haramun ce a addini da kuma dokar ƙasar nan. Amma rashin barci yana yi wa direba irin ɓarnar da giya ke yi. Tun a 1997 masu bincike a Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kaifin hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da dama suka yanke wa direba.

To, a duba rayuwar direbanmu a goman ƙarshe na Ramadan. Ya ɗauko baƙi daga filin jirgin Jidda da hantsi, ya jira su a Makka har su gama ɗawafi da sa'ayi, ya sha ruwa a tsaye, sannan bayan tahajjud a ce ya kama hanyar Madina, tafiyar sama da kilomita 400 a kan miƙaƙƙen titi mai saurin kawo gyangyaɗi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar gaba ya san alamomin. Direba zai sauke gilas, ya shafa ruwan sanyi a fuska, ya ƙara gutsurar goro, sai ka ji taya tana gurnani a kan kurajen gefen titi, ya fizgo sitiyari ya ce babu komai. Gahawa da goro jinkirta barci kawai suke yi, ba sa biyan bashinsa. Mafi muni shi ne masu haɗiyar ƙwayar kaftagon don su kwana suna aiki, domin tana ɓoye gajiya, ta sa mutum ganganci, ga kuma hukunci mai tsanani idan aka kama shi. Hatta wasu magungunan mura suna sa barci, ya kamata direba ya tambayi mai kemis kafin ya sha.

Sai kuma waya. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin kusan mita 33 a kowace daƙiƙa, saboda haka wanda ya sunkuya daƙiƙa uku yana duba saƙon WhatsApp ya yi tafiyar mita 100 bai ga gabansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direba mai amfani da waya ya fi shiga hatsari kusan ninki huɗu, kuma sa abin sauraro a kunne bai rage haɗarin sosai ba, domin hankali ne ke barin titi. Hukumomin Saudiyya sun kafa kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi a 2010, daga 2018 kuma suka fara kama masu riƙe waya da marasa ɗaura bel, tarar waya tana tsakanin riyal 500 zuwa 900. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dabarar da wasunmu suka koya, ta ɗora wayar a cinya don kada kyamara ta gani, alhali hakan ya ƙara nisanta ido daga titi. Tarar da za ta bayyana a Absher, manhajar gwamnati ta waya, suke tsoro, sun manta da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, wadda ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne. Akwai kafili, wato uban gida, da ke kira sau da yawa yana tambayar inda aka kai, da uwargidan da ke fushi idan ba a ɗauka ba, da fasinjan da ya ga idon direba ya yi jawur amma kunya ta hana shi magana. Ina kira ga shugabannin al'ummarmu da malamai su riƙa faɗa a majalisu cewa direba yana da haƙƙin ya tsaya a gidan mai ya runtsa na minti 20, ya kuma bar waya sai ya faka. Su kuma wakilan da ke ɗaukar wa maniyyata shatar mota zuwa Madina, su tambayi direba yaushe rabonsa da barci kafin a yi ciniki. Idan amsar ba ta gamsar ba, a nemi direba na biyu, ko a saya wa baƙin tikitin jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ke aiki tsakanin Makka da Madina tun 2018.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Jidda